Kabeji ba kaffarar tsire ba ne

 Shekarata goma sha shida da aure, 'ya'yanmu biyar. Maigidana ɗan kasuwa ne, shekarunsa 47, kuma tsakanina da shi sai godiya, in ban da abu ɗaya. Ba ya kwana bai ci nama ba. Daga kasuwa teburin mai tsire suke zarcewa shi da abokansa, in ya shigo gida kuma da ƙullin balangu ko kilishi a hannu. Tuwon da na tuƙa sai dai ya zama ɗumamen yara. Bara yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu da ciwon dajin hanji yana ɗan shekara 52. Da ƙyar na lallaɓa shi ya je asibiti aka ɗebi jininsa. Likita ya ce kitsen jininsa ya hau, da wani abu wai shi yurik asid, ya rage jan nama. Sai wani abokinsa ya tura masa bidiyo a WhatsApp, wai Turawa sun gano abinci mai harza yana wanke illar nama tas. Yanzu sai ya sa mai tsire ya ƙara masa kabeji da albasa, ya ce ai ya biya bashi. Na yi magana, ya ce so nake in mayar da shi akuya. Gwaggo, da gaske ne harza tana goge abin da nama ya bari a jiki? Wallahi barci ya ƙaurace mini.

Uwar biyar, daga Kano

'Yata, Allah Ya jiƙan yayan maigidanki, Ya kai haske kabarinsa. Share hawayenki ki gyara zama. Rabin amsar nan taki ce, rabi kuma ta surukina, kuma duk da kunyar da ke tsakaninmu, yau sai ya ji daga bakina.

Abokin nan nasa bai shara ƙarya zalla ba. Gutsuren gaskiya ya tsinta, kwaɗayi ya cike masa sauran. Harza tana taɓa wasu daga cikin abubuwan da nama ke bari a jiki, wannan haka yake. Amma wasu ne, ba duka ba. Kuma ba da ɗan kabejin da ake barbaɗawa a kan takardar tsire ba.

Mu fara da naman. In an ce jan nama, ana nufin na saniya, rago, akuya, raƙumi. Kaza da zabo da kifi ba sa ciki. Duk wanda ya lazimci cinsa, jikinsa zai ba da shaida ko da bakinsa ya musa. Ana ganin alamar a jini, a fitsari, a bayan gida, har a fatar cikin hanji in an ɗan gutsuro an duba. Biyu daga cikin shaidun nan ne likita ya karanta wa maigidanki: kitsen jini, wato kolestarol, da yurik asid, wanda in ya taru yakan kumbura babban ɗan yatsan ƙafa har mutum ya kasa sa takalmi. Amma wadda ta fi tsaya mini a rai, saboda abin da ya sami yayansa, ita ce ta hanji. Ita kuwa gwajin jinin da aka yi masa ba ya nuna ta.

Abin da ke sa nama ja wani sinadari ne mai ɗauke da ƙarfe. Jiki yana tsotsar wani kaso ya gina jini da shi, kuma wannan alheri ne babba. Ragowar sai ta gangara babban hanji, inda take taimakawa a samar da wasu sinadarai da ake kira N-nitroso, waɗanda wasunsu ke yi wa ƙwayoyin fatar hanji lahani. Wata masaniya a Kambirij ta Ingila, Sheila Bingham, a shekarun 1990 ta riƙa zaunar da mutane a gidan gwaji, ana auna musu kowace loma, ana kuma tattara duk abin da suka fitar a duba. Sai dai mu ce sannunsu da aiki, ni kam ba da ni ba. Ta ga cewa duk sa'ad da aka ƙara jan nama, sinadaran nan su ma sai su ƙaru a bayan gida. Da aka musanya shi da farin nama, ba su tashi ba. A watan Oktoban 2015 kuma, sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a Liyon ta Faransa, ya tara masana 22 suka duba bincike sama da 800. Suka yanke cewa naman da aka sarrafa da gishiri, hayaƙi ko sinadarin adanawa yana haddasa dajin hanji, kuma cin giram 50 nasa kullum yana ƙara haɗarin da kashi 18 cikin ɗari. Jan nama tsurarsa kuma suka ce akwai zato mai ƙarfi a kansa. Busasshen nama mai gishiri yana cikin misalan sarrafaffen da suka kawo, don haka kilishin surukina ba shi da wurin ɓuya.

Kada kashi 18 ɗin nan ya tsinka miki zuciya. Ba wai mutum 18 cikin ɗari za su kamu ba. In a ce mutum biyar ne cikin kowane ɗari za su kamu, to sai su koma kusan shida. Ƙari ne na gaske, amma ba hukuncin kisa ba ne.

Ita kuma harza, ɓangaren tsiro ce da cikinmu ba ya iya narkarwa: dusar hatsi, ɓawon wake, jijiyar ganye, yauƙin kuɓewa da na kuka. Nama ba shi da ita ko ƙwayar zarra, haka ƙwai da madara da mai. Aikinta da kowa ya sani shi ne ta sha ruwa ta kumbura, bayan gida ya yi auki, ya yi laushi, ya fita da wuri. Abin da zai kwana uku yana gugar fatar hanji sai ya wuce a kwana ɗaya, a tsarme. Wani likitan fiɗa, Denis Burkitt, ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya lura cewa dajin hanji da ya addabi Turawa da wuya ya gan shi a mutanen karkarar can. Wajen 1970 ya ɗora laifin a kan farin gari da sukari da rashin harza, ya bi ƙasashe yana yi wa Turawa wa'azin bayan gida. An yi masa dariya, amma yau ana tunawa da shi.

Akwai wani aikin da ya fi wannan zurfi. Kowannenmu makiyayi ne bai sani ba. A babban hanji akwai garken ƙananan halittu da ido ba ya gani, kuma abin da aka zuba musu shi ke yanke abin da za a tatsa. In aka ba su harza, sai su ba da wani sinadari mai suna butirat, wanda shi ne babban abincin ƙwayoyin fatar hanji, yana kuma kwantar da kumburi. In aka hana su, ana tura musu ragowar nama da kitse kawai, sai su ba da amoniya da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, su kuma juya ruwan maɗaciya ya koma mai cin fata. Ke da kike kwana ɗaki ɗaya da shi, ba sai na yi miki bayanin warin ba.

An gwada wannan a kan mutane. Wani likita a Jami'ar Pittsburgh, Stephen O'Keefe, ya ɗauki baƙaƙen fata 20 na Amurka da mutanen karkara 20 na KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu, ya musanya musu abinci na mako biyu. Na Amurka suka koma cin faten masara da wake da ganye, harza sama da giram 50 a rana. Na ƙauye kuma aka cika su da nama da soye-soye. Sakamakon ya fito a 2015. A mako biyun nan kacal, butirat ya ninka sau biyu da rabi a hanjin 'yan Amurka, alamun kumburi suka sauka. Na bayin Allah 'yan ƙauye kuma ya juya ya koma ta ɓangaren haɗari. Ki riƙe abu ɗaya a nan: ba harza kawai aka ƙara wa 'yan Amurkan ba, an rage musu nama da kitse.

Wanda ya fi kusa da maganar abokin surukina shi ne gwajin da aka yi a Adelaide ta Ostareliya. Mutum 23 aka ba giram 300 na jan nama kullum har mako huɗu. Da aka duba fatar ƙarshen hanjinsu, wata alamar lahani a jikin DNA ta ƙaru da kashi 21 cikin ɗari. Da aka sake ba su naman tare da giram 40 na wani sitacin masara da ciki ba ya narkarwa, ƙarin bai bayyana ba. Labari ne mai daɗi, kuma gaskiya ne.

To amma surukina, matso kusa. Sitacin nan na musamman ne, a ɗakin bincike aka haɗa shi don ya kai butirat har ƙarshen hanji, ba a sayar da shi a kasuwar Kurmi ko Sabon Gari. Giram 40 aka ba su kullum. Ɗanyen kabeji kuwa, giram 100 nasa harzar da ke ciki giram biyu da rabi ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 a rana, ka ga sai ka cinye kilo guda na kabeji kafin ka kai. Ɗan abin da mai tsire ke yafa maka da yatsu uku, ko giram ɗaya da wuya ya cika. In bashi ne, ko kuɗin takardar ba ka biya ba. Sannan mutum 23 ne, mako huɗu ne, kuma alama aka auna, ba ciwon kansa ba. Su kansu mutanen Kambirij da suka ƙara wa masu cin nama dusar alkama, sinadaran N-nitroso ba su ragu ba, sai dai bayan gidan ya ƙaru. Taimako ne, ba gogewa ba.

Akwai kuma shaidun da harza ba ta da iko sosai a kansu. Likitocin Cleveland ta Amurka, ƙarƙashin Stanley Hazen, sun nuna a 2013 cewa halittun hanji suna juya wani sinadarin jan nama, hanta ta ƙarasa shi ya zama TMAO, wanda ake alaƙanta yawansa da ciwon zuciya. Da suka ba mutum 113 jan nama na wata guda, ya ninka fiye da sau biyu a jininsu. Abin da ya saukar da shi shi ne barin naman, cikin mako huɗu. Wani gwaji a Kalifoniya a 2016 ma ya ga ya ɗan ƙaru a wasu da aka ba irin wancan sitaci. Kifi ma yana ɗaga shi, alhali kifi abokin zuciya ne, don haka kada wani ya ga haruffa huɗu a waya ya rikice. Kitsen jini kuwa, harza mai yauƙi tana rage shi, don tana kama ruwan maɗaciya ta fita da shi, hanta ta ɗebi kitsen jini ta haɗa wani. Amma raguwa ce 'yar kaɗan, ba ta kamo tozon da ake ci kowane dare. Baƙin ƙonuwar da ke gefen tsire, da hayaƙin kitsen da ya ɗiga a garwashi ya dawo ya manne wa nama, suna da nasu sinadaran masu cutarwa. Gishiri da dunƙulen da ke cikin yaji suna can suna jiran hawan jini. Albasa ba ta san da zamansu ba.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, 'yata. Wanda ɗan'uwansa na jini ya yi dajin hanji, haɗarinsa ya kai kusan ninki biyu na sauran mutane, ko da ganye yake ci safe da yamma. Likitoci suna ba irinsa shawarar a leƙa hanjinsa da na'ura mai kyamara tun yana shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano ciwon ɗan'uwan. Maigidanki ya wuce lokaci. Ana yin gwajin a manyan asibitocin koyarwa, kuma in an ga ɗan tsiro a hanji, a nan take ake cire shi tun bai zama ciwo ba. Maza suna gudunsa saboda ta inda ake shigar da na'urar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya koma wurin likitan ya faɗa masa abin da ya kashe yayansa.

Ki tambaye shi, ba da wasa ba, ko yana ganin jini in ya zaga.

In akwai jini, ko bayan gida ya canja ya ƙi komawa daidai, ko rama ba dalili, kada a kwana ana shawara.

Kuma don Allah kada in ji an ce basir ne. Mun binne mutane da yawa da sunan basir. Mutum ya shekara biyu yana sayen jarka a wurin masu mota da lasifika, sai ciwo ya ci ƙarfinsa a kwashe shi zuwa asibiti. Basir yana sa jini, gaskiya ne, amma likita ne zai ce shi ne, ba majalisa ba.

Ke ma ba zan ƙyale ki ba. Tuwon me kike tuƙawa? In masara ce da aka surfe aka sake surfewa, aka tankaɗe ta fito fari tas, to kin ba awaki maganin kin ba mijinki saura. Kofi guda na dafaffiyar farar shinkafa bai kai giram ɗaya na harza ba. Kofi guda na dafaffen wake ya kai wajen 11. Ki duba tazarar. Ba sai kin nemi wani abincin Turawa ba, komai yana bakin ƙofarki: wake da shinkafa wanda waken ya yi rinjaye, ɗanwake, dambu da zogale, fate da rama ko yakuwa, kwaɗo da ƙuli-ƙuli, miyar kuka, kuɓewa, karkashi, tuwon dawa ko gero da ba a cika surfe ba. Don taɓa ka lashe ga gurjiya, gyaɗa, dabino, gwaiba, goruba. Aya a tauna ta, don tuƙar da kike zubarwa in kin tace kunun aya ita ce harzar. Haka lemo, a sha shi da ɓargonsa ya fi a matse. Ɗumamen da kike raina wa yara ma yana da nasa rabo, don sitacin da ya dahu ya huce yakan ɗan koma irin wanda halittun hanji ke so.

Kada ki juye masa duka rana ɗaya. Cikin da bai saba ba zai kumbura, ya yi ta ƙugi, shi kuma ya samu hujjar cewa kin kusa kashe shi. Ki ƙara kaɗan kaɗan cikin mako biyu ko uku, ruwa kuma ya wadata. Sannu ba ta hana zuwa.

Naman fa? Ban ce a hana shi ba. Asusun binciken ciwon daji na duniya ya ce kada baligi ya wuce giram 350 zuwa 500 na dafaffen jan nama a mako, sarrafaffe kuma ya zama sai jefi-jefi. Ki sa mahauci ya auna miki kilo guda ɗanye ki gani da idonki. Kashi uku cikin huɗu na wannan shi ne iyakar rabon mutum ɗaya na mako, ba na dare ba. Na cikin miya ya fi na kan wuta. In an gasa, a yanke baƙin. Saboda yurik asid ɗinsa, hanta da ƙoda da sauran kayan ciki su ja baya, haka lemon kwalba da ake kora tsiren da shi. Wake kuwa kada wani ya tsorata ki da shi, ba a same shi da laifin ciwon nan ba.

Sai yadda za ki ɓullo masa. Kin ga wasan akuyar nan da yake yi? Tsoro ne. Mutumin da ya ɗauki makarar yayansa bara ya san abin da yake gudu, kabejin ma lallashin zuciyarsa yake yi da shi. Kada ki tare shi a bakin ƙofa da ƙulli a hannunsa, a gaban yara. Namiji in aka ƙure shi a gaban 'ya'yansa, ko ya san gaskiya sai ya ƙi ta. Ki bari ya huta, ki ce masa tsoro kike ji, ki ambaci marayun yayansa. Kada ki nemi raba shi da majalisa, don ba naman kawai yake zuwa ci ba, can yake sauke gajiyar kasuwa. Ya ci tuwonki tukuna ya fita da cikinsa a cike. A can ɗin ma ana gasa kaza da kifi. In ya ƙi ji, ki bi ta wurin Hajiyarsa in tana raye, ko babban amininsa, ban da mai bidiyo. Ki ajiye masa shafin nan inda yake ajiye hularsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, shi ma ya san karin maganar.

Ku kuma sauran masu karatu, kada ku yi ta murmushi, kusan kowane gida akwai irin surukina. Iyayenmu sai ranar kasuwa ko suna ko Sallah suke ganin nama, sauran kwanaki dawa ce da wake da ganye. Mu da Allah Ya ɗan buɗa mana, sai muka mayar da zogale abincin talaka, muka rungumi biredi da taliyar leda da farar shinkafa, muka ɗora nama a kai muka ce ci gaba ne. Masu tambayata game da naman layya, ku ci abinku, kwana uku a shekara ba su ne matsala ba. Na kowane dare nake ji. Na kuma san da yawanku nama sai an yi sa'a, kuna karantawa kuna cewa ina ma mu ne. Wasiƙa ta gaba ta fi kusa da ku.

Gwaggo, barka da war haka. Amarya ce ni, cikina wata biyar, na fari. Na ji a rediyo an ce jan nama yana kawo kansa, sai na daina ci gaba ɗaya, ganye da kunu kawai nake sha. Yanzu jiri nake ji, in na hau matakala sai haki. A wurin awo an ce jinina ya yi ƙasa, an ba ni ƙwayoyi, amma suna ɗaure mini ciki sai na ajiye su. Uwar mijina tana ta faɗa. Wa ke da gaskiya?

Amarya, daga Maraɗi

Uwar mijinki, 'yata. Je ki ba ta haƙuri. An yi wa mai ƙoshi gargaɗi, ke mai yunwa kika ɗauka. Sinadarin ƙarfen da na ce yana damun hanjin mai cin nama kullum, shi ne ke da abin da ke cikinki kuke nema ido rufe. Na nama jiki ya fi saurin tsotsa fiye da na ganye da hatsi. Ƙarancin jini shi ne ciwon matanmu: binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya sami mata 58 cikin ɗari masu shekarun haihuwa da shi, yara ƙanana kuma 68 cikin ɗari, kuma ba a tsaya a kan iyaka an ce Maraɗi ta tsira ba. Mace ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, ɗan zubar da wata za ta jure ita sai ya kayar da ita. Wannan haɗarin yana gabanki nan da wata huɗu.

A nan harza tana da fuska biyu. Dusar hatsi tana ɗauke da wani sinadari da ke riƙe ƙarfen da ke cikin tsiro ya hana jiki samu, shayi ma haka yake yi. Na nama kuwa bai cika damuwa da su ba, har ma 'yar tsoka a cikin miya tana taimaka wa jiki ya tsotsi na waken da na ganyen. Jiƙa gero ya kwana ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa koko, yana rage wannan riƙon. Ta ɗaya fuskar kuma, ɗaurewar cikin da ƙwayoyin suka jawo miki, wake da kuɓewa da gwaiba da ruwa ne maganinta.

Koma kan ƙwayoyinki yau. In sun ci gaba da damunki, faɗa wa malamar awo ta canja miki tsari, kada ki yanke hukunci ke kaɗai.

Ci nama gwargwadon abin da aljihun maigida ya iya, a dafa shi ya nuna sosai.

Hanta kada ki yawaita, bitamin A ɗin da ke cikinta ya yi wa mai ciki yawa.

Shayi ya ba abinci tazarar awa guda. Lemo ko tumatir su zo tare da shi.

In hakin ya ƙaru, ko zuciya na bugawa kina zaune, kada ki jira ranar awo. Ku kuma mazan da ke cinye tsoka a waje ku kawo wa mai ciki ƙashi, Allah Yana kallonku.

Gwaggo, ni saurayi ne, shekarata 24, ina ɗaga ƙarfe. An yi mana gwajin ɗaukar aiki aka ce kiriyatinin ɗina ya ɗan hau, wai alamar ƙoda ce. Daren da za a yi gwajin mun yi walimar aboki, na ci balangu ba na wasa ba. In na yi mako ina cin zogale zai wanke?

Ɗanki, daga Jos

Ɗana, ba tufafi ba ne da za a wanke. Dafaffen nama yana ɗauke da kiriyatinin nasa, in ka ci da yawa sai ya ɗaga na jininka na wasu awoyi, shi ya sa likitocin Ingila ke cewa a ƙaurace wa nama awa 12 kafin wannan gwaji. Mai tarin tsoka irinka ma nasa yakan ɗara na sauran mutane, balle in kana shan garin nan na masu ɗaga ƙarfe. Zogale ka ci don hanjinka, amma ba shi zai ba ka amsa ba. Ka koma a sake gwajin ba nama a cikinka, a haɗa da na fitsari da awon hawan jini. Ka faɗa wa likita duk abin da kake sha, har ƙwayoyin ciwon jiki da jiƙe-jiƙen da kuke ɓoyewa, don su ne suka fi lalata ƙodar samari. In ya sake fitowa a sama, ka bi abin da ya ce, kuma kada ka cika cikinka da wake da ganye sai ka tambaye shi, don mai ciwon ƙoda tsarin abincinsa daban ne. In ka samu aikin kuma, albashin farko na mahaifiyarka ne, ba na mai balangu ba.